Jan tabo a fatar da aka yi wa gishiri: wai akwai halittar da gishiri ne gidanta?

Alhaji Mai Ƙiraga: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin kimiyya. Na fi shekara ashirin ina harkar fata, tun ina bin mahaifina ina riƙe masa jaka. Abin da muka gada shi ne, in an feɗe dabba an shimfiɗa fatar an zuba mata gishiri sosai, magana ta ƙare, ba abin da zai taɓa ta. To bayan babbar salla na tara fatun tumaki a sito, mai saye ya yi ta ja mini rai, suka yi wajen wata biyu a jibge. Shekaranjiya muka ɗaga su, sai ga gefen naman ya yi ja, wani wurin kamar an tofa goro, wani wurin kamar an shafa jan-baki, in ka sa yatsa ka ji santsi. Yarona ya ce jini ne. Na ce masa jinin da ya kwana biyu baƙi yake yi. Gishiri kuwa ban yi musu rowarsa ba. Mene ne wannan?

Sarkin Musu: Alhaji, gishirin jabu aka sayar maka, kada ka wahalar da kanka. Yanzu me ya rage ba a yi masa algus ba?

Alhaji Mai Ƙiraga: Na ɗanɗana shi, ɗana. Gishiri ne har da saura.

Malama Hauwa: Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Gishirinka ba jabu ba ne, amma ina kyautata zaton shi ya kawo maka baƙin. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ba sa rayuwa sai cikin gishiri mai yawa, kuma jikinsu ja ne. Wadda aka fi sani ita ce Halobacterium salinarum, kuma a kan danginta nake karatu a nan Jamus. Masu sarrafa fata a Turai da Amurka sun daɗe da sanin wannan tabon. Kai, masana ma ta wannan hanyar suka fara saninsu: tun wajen 1920 masu kifin da ake adanawa da gishiri suke kukan kifinsu yana yin ja yana wari, aka bincika aka samu waɗannan halittu ne. Daga baya aka ciro irinsu daga jikin ƙiraga a Kanada. Suna zuwa ne a cikin gishirin da aka samu ta hanyar shanya ruwan teku a rana. In ruwan ya ƙafe, sai su maƙale a 'yan ɗigon ruwan da ke cikin ƙwayar gishirin, su yi lamo. Da sun samu danshi da ɗumi da abinci, wato fatarka a sito lokacin damina, sai su farka.

Sarkin Musu: Haba Malama. Tun muna firamare aka ce mana gishiri yana kashe ƙwayoyin cuta. Yau kuma a ce akwai mai kwana a cikinsa? To mu daina kurkure baki da ruwan gishiri ke nan.

Malama Hauwa: Ci gaba da kurkurewarka, ba a yi maka ƙarya ba. Ka taɓa barbaɗa wa matsattsaku gishiri? Ko ka yanka tumatir ka sa masa gishiri ka bar shi minti goma? Ruwa ne yake fita, domin kullum ruwa yana bin ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Haka gishirin Alhaji yake tsotse ƙwayoyin da ke ruɓar da fata har su bushe. Ita Halobacterium dabararta daban: ita ma cika cikinta take yi da wani gishirin, na fotashiyam, har ya kai ƙarfin na waje. Ciki gishiri, waje gishiri, ruwa ba shi da inda zai gudu.

Ka duba bambancin. Ruwan teku gishirinsa giram 35 ne a lita. Abincin da muke dama mata a ɗakin bincike giram 250 muke zubawa a lita ɗaya, har sai ka gaji da juyawa kafin ya narke. In ya kwana biyu bakin kwalbar yana yin farin ɓawo, teburin ma duk inda ya ɗiga sai ya yi fari, ƙarfe kuma ya yi tsatsa. Zafin da ta fi so wajen digiri 42 ne, wato zafin Kano a watan Afrilu.

Malam Ɗanjuma Bayoloji: Malama, a gafarce ni in ɗan yi gyara, kada ɗalibaina da ke zauren nan su rubuta kuskure a jarrabawa. Ita Halobacterium ba bakteriya ba ce.

Sarkin Musu: To fa! Sunanta ya ƙare da bakteriyam amma ba bakteriya ba ce. Kamar a ce sunan mutum Bature amma baƙi ne wuluk.

Malam Ɗanjuma Bayoloji: Ai kuwa ka kawo misalin da kanka, muna da Bature a unguwarmu. An raɗa mata sunan ne tun ana ganin duk ƙaramar halitta marar cibiya, wato ɗan ɗakin da ke riƙe da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayar halitta, bakteriya ce. A 1977 wani masani Ba'amurke, Carl Woese, ya kwatanta wani sashe na ƙwayoyin gadon waɗannan halittu, ya ga ashe gida biyu ne aka haɗa a ɗaki ɗaya. A 1990 ya raba masu rai gida uku: bakteriya, da arkiya, da masu cibiya a ƙwayar halittarsu, wato mu da dabbobi da tsirrai. Halobacterium 'yar gidan arkiya ce. Kitsen da aka gina fatar jikinta da shi ma ba irin na bakteriya ba ne, shi ya sa fenisilin ba ta yi mata komai, domin bangon da maganin yake rushewa ita ba ta da shi.

Malama Hauwa: Gaskiya ne Malam, na karɓi gyara, ko da yake in ka duba ban kira ta bakteriya ba, halitta na ce. Amma wani ɗan gyaran a kan gyaranka: fenisilin ba ruwanta da kitsen, bangon take nema, kamar yadda ka ƙarasa faɗa. Abu biyu ne daban.

Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ya sa na zaɓe ta. A shekarar 2000 aka gama karanta kundin gadon wani nau'inta da ake kira NRC-1, aikin haɗin gwiwa ƙarƙashin Shiladitya DasSarma. Kundin gado shi ne duk rubutun DNA da halitta take ɗauke da shi, da haruffa huɗu kacal ake rubuta shi. Nata haruffa 2,571,010 ne. Na mutum ya haura biliyan uku. Ko E. coli da ke cikin hanjinmu tana da wajen miliyan 4.6. Kuma ba a dunƙule yake ba, zobe uku ne: babba mai haruffa miliyan biyu da 'yan kai, da ƙanana biyu, ɗaya wajen 365,000, ɗaya wajen 191,000. Umarnin ƙera furotin kusan 2,600 ne a ciki.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne da aka duba furotin ɗin ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga kusan dukansu an yi musu riga iri guda. Furotin na yau da kullum in ka jefa shi cikin gishiri mai yawa dunƙulewa yake yi ya daina aiki. Nata kuwa bayansu cike yake da wasu tubala biyu masu tsami, asfatet da gulutamet, waɗanda suke riƙe ruwa da gishirin a jikinsu, sai furotin ɗin ya zauna a narke. Wato ba wata ƙofa ɗaya ta gyara ba, gidan gaba ɗaya aka sake wa gini. Kuma abin ya zame mata tarko, domin ba ta iya komawa. Ranar da na fara shiga ɗakin bincike, wadda take koya mini ta miƙo mini kwalba mai ruwa ja mai kauri kamar kunun zaƙi da aka sa wa kala, ta ce in ɗiba kaɗan in ƙara ruwan famfo. Kafin in ajiye kwalbar duhun ya washe, na sa tsinke na ɗaga, sai ga yauƙi yana bin tsinken kamar miyar kuɓewa. Duk sun fashe, DNA ɗinsu ne ya zubo yake yauƙin. Abin da yake raya mu shi ne ajalinta.

Alhaji Mai Ƙiraga: Allah mai iko. To 'yata, ai kin ba ni magani. Gobe in sa yara su wanke fatun da ruwan rijiya.

Malama Hauwa: A'a Baba, don Allah kada ka yi! Za ka kori ɓera ka shigo da kura. Ruwan zai fasa jajayen, amma da gishiri ya fita masu ruɓarwa na ainihi za su dawo, kuma su cikin kwana ɗaya biyu za su sa gashi ya fara zuba. Wankewa sai ranar da za a shiga jima. Abin yi yanzu shi ne ka ware masu tabon, ka kakkaɓe tsohon gishirin, ka sa sabo mai tsabta, ka ɗaga su daga ƙasa inda iska take shiga, sannan ka yi saurin rabuwa da su. Wasu daga cikin waɗannan halittun suna fitar da sinadarin da ke cin furotin, in suka daɗe suna iya ɓata fuskar fatar, sai bayan an jeme a ga aibin. Tambaya ɗaya: gishirin sabo ne, ko wanda aka share daga fatun baya?

Alhaji Mai Ƙiraga: Hmm. Bari in tambayi yaran tukuna.

Ɗan Agadas: Salamu alaikum. Ni wannan zance ya tuna mini gida. Kakana madugu ne, yana kai ayarin raƙuma Bilma ta Fashi, kusan kilomita 600 cikin Tenere, su kai hatsi su ɗauko kantu da beza da dabino. Ni a mota na je, sau ɗaya. A Kalala, inda ramukan gishirin suke, na ga ruwan wani rami ja, wani ruwan ɗorawa, wani kamar shayi, ga gishiri yana yin ɓawo a sama mutum yana fasa shi don ya nutse. Na tambaya aka ce mini ƙasar wurin ce. Malama, su ne ko ƙasa ce?

Malama Hauwa: Yaya, duka biyun suna rina ruwa. Ƙasa mai ƙarfe tana ba da ja, haka waɗannan halittun, haka kuma wata gansakuka mai suna Dunaliella salina. A wuraren shanya gishiri na duniya, in ruwa ya kusa ƙosawa da gishiri ya koma ja, yawanci masu rai ne. In ka sake zuwa ka ɗebo a kwalba ka ajiye: ƙasa za ta kwanta a gindi ta bar ruwan garau. Ka taho mini da kwalba ɗaya, ni kuma in biya kuɗin shayi.

Akwai tafkin Retba kusa da Dakar a Senegal, wanda ake kira jan tafki, inda masu haƙar gishiri suke shafe jikinsu da man kaɗe kafin su shiga. A 2022 ruwan sama mai yawa ya kwarara ciki ya tsarma gishirin, launin ya ɓace, masu yawon buɗe ido suka zo suka tarar da kore. A Amurka kuma, babban tafkin gishiri na jihar Yuta, hanyar jirgin ƙasa ta raba shi biyu tun 1959, ɓangaren arewa ya fi gishiri, daga sama kana ganin rabi ja rabi shuɗi-kore kamar an ja layi.

Ummu Khalifa: Ni abin da ban gane ba, me ya kai ta yin ja? Ado?

Malama Hauwa: Anti, lema ce. Wurin da take zama ba inuwa, rana tana dukan ta daga safe har yamma. Jan wani launi ne dangin wanda ke cikin karas da manja, yana kare ta daga ɓarnar hasken. Ban da shi tana da injinan gyaran DNA masu ƙarfi, kuma ba kwafe ɗaya na kundin take ajiyewa ba, lokacin da take girma ana samun wajen 25 a ƙwaya ɗaya. In rana ta yaga wannan sai a duba wancan a ɗinke.

Akwai kuma launi na biyu, shi ne ya yi mata suna a duniya. Ruwa mai gishiri sosai ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa. In iska ta yi ƙaranci, sai ta shimfiɗa wasu faci masu launin shunayya a fatarta, cike da wani furotin da Dieter Oesterhelt da Walther Stoeckenius suka gano a 1971, suka sa masa suna bakteriyorodofsin. In haske ya buge shi sai ya tura caji waje, cajin yana dawowa ciki yana juya injin da ke samar mata da ƙarfi. Sola ke nan, Anti, tun kafin mu fara ɗora faranti a kan kwano. Kuma sinadarin da ke kama hasken a cikinsa, retinal, shi ne dai wanda ke cikin idonki, wanda jiki ke samu daga bitamin A. Don ta kai ga hasken kuma tana ƙera wasu 'yan balan-balan na iska a cikinta da suke taso da ita saman ruwa. Umarnin ƙera su a kan ƙananan zobban yake, kuma wurin ba ya zama lafiya, domin kundin yana da gutsattsarin DNA masu tsalle daga wuri zuwa wuri, an ƙirga 91. In ɗaya ya faɗa tsakiyar umarnin balan-balan sai ya lalata shi. A farantin da muke rainon su a ɗakin bincike da ido kake gani: masu balan-balan suna yin ruwan hoda kamar an gauraya da madara, waɗanda suka rasa su yi ja garau.

Auwal Ɗalibi: Malam Ɗanjuma, to in ana son bakteriya ta gaskiya mai son gishiri fa? Mu an koya mana Salinibacter ruber.

Malam Ɗanjuma Bayoloji: Madalla, ɗana. Ita wannan bakteriya ce ta asali. A 2002 aka bayyana ta, daga wuraren shanya gishiri na Sifen, aka karanta kundinta a 2005, haruffa wajen miliyan uku da rabi. Ba dangin Halobacterium ba ce ko kusa, amma ita ma ja ce, ita ma fotashiyam take tarawa, furotin ɗinta ma masu tsami ne. Masu binciken sun ga alamun cewa wasu ƙwayoyin gadon aro aka yi tsakanin maƙwabtan. Zama da maɗaukin kanwa.

Malama Hauwa: Malam ka ambaci kanwa, ita ma tana da nata. A tafkunan kanwa na Wadi Natrun a Masar aka samo wata da ake kira Natronomonas pharaonis, gishiri da kanwa a haɗe take so. Wani furotin nata mai amsa haske shi masu binciken ƙwaƙwalwa suke dasawa a jijiyar ɓera, in sun haska fitila jijiyar ta yi shiru. Sannan ba duka masu zama cikin gishiri ne suke cika ciki da shi ba. Halomonas elongata tana ƙera wani sinadari ne mai suna ektoyin ta tare ruwanta da shi, har ana sa shi a man shafawa.

Sarkin Musu: Duk na ji. Amma tsakani da Allah, mutane na fama da zazzaɓin cizon sauro da kwalara, a kwashi miliyoyi a ƙirga haruffan wani abu da ko ciwon kai ba ya sa wa? Malama, da ƙwaƙwalwarki ki dawo ki yi mana aiki a kan abin da ke kashe mu. Wannan karatun 'yan hutu ne.

Ummu Khalifa: Ƙanena, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ɗana na biyu sikila gare shi, saboda haka ba wanda zai koya mini zafin ciwo. Maganin sikila na gyaran ƙwayoyin gado da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, ka san daga ina zaren ya faro? Daga wani ɗalibi a Sifen, Francisco Mojica, da yake karatun irin waɗannan halittun na ramin gishiri a Santa Pola. A 1993 ya ga wasu haruffa suna maimaita kansu a kundin Haloferax mediterranei, ya yi shekaru yana bin abin ba wanda ya kula shi. Shi ne CRISPR. Da kai ne mai ba da kuɗi da ka ce masa ɗan hutu.

Malama Hauwa: Haka ne Anti, sai dai in cika don kada a ce mun yi wa gishiri kara. Mojica ne ya bayyana a 2005 cewa abin garkuwa ce da ƙananan halittu ke kare kansu da ita daga bairos. Amma almakashin da ake yankan DNA da shi, Cas9, daga wata bakteriya mai sa ciwon maƙogwaro aka ɗauko shi, aikin Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna a 2012, suka samu kyautar Nobel a 2020.

Sarkin Musu: Anti, Allah ya ba yaro lafiya, ban san da haka ba. Amma nawa ne maganin? Dala miliyan 2.2 aka sa masa a Amurka. Ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya ita ce tamu, mutum nawa ne a cikinta zai iya biya? Kin ga maganata tana nan.

Ummu Khalifa: Tana nan, ban musa ba. Ni dai na fi son a ce akwai shi yana da tsada da a ce babu. Kuma ban daina gaya wa masu shirin aure su yi gwajin jini ba, wannan kam kuɗinsa bai kai na lefe ba.

Sarkin Musu: A nan mun haɗu. A kan ƙirgen haruffa kuwa ina nan a kan bakana.

Alhaji Mai Ƙiraga: To na dawo. Malama, kin yi duba ba ƙasa. Na tsare yaran, babban ya amsa cewa da sabon gishiri ya ƙare ranar salla ta biyu, sai suka buɗe buhunan da muka share daga fatun bara. Na koma siton na duba da kaina: layin da ke jikin bango, inda aka sa tsohon, su ne suka yi ja, na bakin ƙofa ƙalau suke. Laifina ne, ni na ce a ajiye shi don kada a yi asara. Mun ware guda arba'in da uku, mun sake musu gishiri, mai saye ya zo ya gani ya rage kuɗi, na haƙura. Yanzu saura buhu shida na tsohon. In ba shanu su lasa?

Malama Hauwa: A'a Baba. Su jajayen ba a san su da sa wa mutum ko dabba cuta ba, amma gishirin da ya kwana a kan ɗanyar fata ya sha jini da ƙazanta, ba na baki ba ne. Kada kuma a zubar kusa da gona ko rijiya, zai kashe ƙasar. In da hali ka cika mini 'yar kwalba ɗaya ka rufe ka ajiye a inuwa, ina zuwa hutu a Disamba.

Sarkin Musu: Alhaji ka sayar mata, kada ka ba ta kyauta. Da kuɗin Turai za ta biya.

Alhaji Mai Ƙiraga: Kwalba nawa kike so, 'yata? Buhu shida ne.